Harin Riga-kafi a Ma'aunin Doka da Tarihi

Laccar da aka gabatar a Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Arɗo Kola, jihar Taraba

 

Tambayar da ta tara jama'a a wannan zaure ita ce: idan ƙasa ta ga alamar wata na shirin kawo mata hari, tana da hurumin riga ta bugu, ko kuwa dole ta jira sai an zubar da jinin mutanenta tukuna? Manyan hafsoshi suna da amsa a bakinsu, wai riga-kafi ya fi magani. Da wannan hujja Rasha ta shiga Yukiren ranar 24 ga Fabrairu 2022, tana cewa ƙungiyar tsaro ta NATO na matso mata. Da ita kuma Isra'ila ta kai wa Iran hari ranar 13 ga Yuni 2025, tana cewa Iran ta kusa mallakar makamin ƙare dangi. A zamanin yau da wuya a ji shugaban da zai fito ya ce shi ne mai neman faɗa. Kowa cewa yake kare kansa yake yi. Saboda haka ana bukatar ma'aunin da za a auna irin wannan iƙirari, kuma mutanen wannan yanki suna da tarihin da za su auna shi da shi.

Abin da doka ta tanada

Yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta haramta wa ƙasashe amfani da ƙarfi a kan junansu, har ma da barazanar yin hakan. Ƙofa biyu kawai ta bari a buɗe. Ta farko, Kwamitin Sulhu ya ba da izini. Ta biyu, sashe na 51, wanda ya amince da haƙƙin kare kai idan an kawo wa ƙasa hari da makami. Masana doka sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan sashe: wasu na cewa sai harin ya auku, wasu na cewa ya isa a ga ya gabato.

Masu ra'ayi na biyu suna kafa hujja da wani abu da ya faru a daren 29 ga Disamba 1837. A lokacin, 'yan tawayen Kanada suna samun mutane da makamai daga ɓangaren Amurka ta wani jirgin ruwa mai suna Caroline. Dakarun da ke ƙarƙashin Ingila suka ƙetare kogin Nayagara cikin duhu, suka tarar da jirgin a ɗaure a gaɓar Amurka, suka kore mutanen ciki, suka cinna masa wuta, suka sake shi ruwa ya tafi da shi. An kashe Ba'amurke ɗaya. Ingila ta ce kare kanta ta yi. Sakataren harkokin wajen Amurka, Daniel Webster, ya amsa a wasiƙarsa ta 1841 cewa irin wannan uzuri ba ya karɓuwa sai in larurar ta zo nan take, ta fi ƙarfin mutum, ba ta bar wata hanya ba, ba ta kuma bar lokacin shawara ba. Sannan ƙarfin da za a yi amfani da shi kada ya wuce girman larurar. Har yau waɗannan sharuɗɗa ake komawa gare su.

Daga nan ne aka raba hari iri biyu. Akwai wanda ake kai wa abokin gaba da ya riga ya ja daga, akwai kuma wanda ake kai wa wanda ake tsoron zai yi ƙarfi nan da shekara biyar ko goma. Na farko kamar ɓarawon da ya ɗora ƙafa a kan katanga ne da tsakar dare. Na biyu kamar maƙwabcin da aka gani ya sayi adda a kasuwar Iware ne, aka bi shi gida aka sare shi don kada wata rana ya yi amfani da ita. Na farko yana da masu kare shi a cikin masana doka. Na biyu kusan babu mai halatta shi, sai dai yawancin masu aikata shi suna kiran sa da sunan na farko.

Gobir, Kona da Kano

Tarihin ƙasar Hausa ya san wannan tsoro na gobe tun kafin zuwan Turawa. Sarkin Gobir Yunfa ya gaji fargabar da magabatansa ke yi wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ke ƙaruwa a Degel. Jama'ar ba ta ɗaura masa yaƙi ba, amma ya ga in ya bari ta ƙara girma za ta gagare shi. A ƙarshen 1803 ya aika runduna Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, aka ci garin aka kwaso mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. A Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A Yuni na shekarar rundunar Yunfa ta sha kashi a Tabkin Kwatto, a 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya rasa ransa. Matakin da ya ɗauka don ya hana jama'ar zama runduna shi ne ya mayar da ita runduna.

Misali na biyu a nan gida ya faru, ba nisa da inda ake zaune. A 1892 Faransa da kamfanin Ingila na Royal Niger suna tseren riga juna kama kogin Binuwai, kowanne na tsoron in ya yi jinkiri ɗayan zai rufe masa hanya. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya hauro kogin da jirage biyu da manyan bindigogi, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya. Sarki ya shafe shekaru yana fama da Jukunawan Kona, waɗanda garinsu ya gagara. Ranar 25 ga Disamba 1892, ranar Kirsimeti, igwar Mizon ta buɗe wuta a kan Kona. Garin da dawaki da masu suka kasa ci ya faɗi, aka kashe na kashewa, aka kama mutane da yawa bayi. A shekarar da ta biyo baya Faransa ta janye Mizon bayan ƙorafin Ingila, yarjejeniyar ta bi ruwa, Jalingo kuma ta tsaya da ƙafarta a matsayin sabon mazaunin sarki. Jikokin ɓangarorin biyu yau makaranta ɗaya suke shiga, kasuwa ɗaya suke ci, ba kuma don tayar da tsohon miki aka kawo labarin ba. An kawo shi ne don a ga cewa Kona ba ta taɓa yi wa Faris ko Landan barazana ba, amma ita ta biya kuɗin tsoron da manyan biyu ke yi wa juna.

Misali na uku shi ne ya fi fitowa fili. A Oktoba 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney na Ingila, ya gudu Kano, Sarki Alu Babba ya karɓe shi da girmamawa. Lugga, wato Frederick Lugard, wakilin Ingila a Arewa, ya shaida wa Landan cewa Kano na shirin afka wa sojojinsa da ke Zariya, don haka dole ya riga ta. Ya kuma dogara da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, mai nuna babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Masu binciken tarihi, irin su Muffett, sun yi shakkar yadda aka gabatar da wannan wasiƙa. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya, ya fasa Bebeji a hanya, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu.

To ina sarkin da aka ce yana shirin kai hari Zariya? Ba ya gari. Ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakinsa don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Wato ya nufi yamma, Zariya kuwa tana kudu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Harin da aka sayar wa Landan a matsayin kare ƙaramin sansani ya ƙare da cin daula sukutum, mulkin da ya kafa kuma ya kai har 1960.

Takardun jabu da sunan Nijar

Shekara ɗari cif bayan faɗuwar Kano, sunan wata ƙasar Hausawa ya sake shiga irin wannan lissafi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, gwamnatin George Bush ta fito da sabuwar manufar tsaro a Satumba 2002, wadda ta ce Amurka ba za ta jira barazana ta nuna ba kafin ta kai hari. Ana neman hujja a kan shugaban Iraƙi Saddam Hussaini, sai ga wasu takardu da ke cewa Iraƙi ta ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Nijar.

Tun a Fabrairu 2002 hukumar leƙen asirin Amurka ta aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya bincika. Ya gana da jami'ai da tsofaffin shugabanni, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru, domin ma'adinan Arlit da Akuta suna ƙarƙashin kulawar kamfanin Faransa da abokan hulɗarsa, ba yadda za a fitar da kaya mai yawa haka a ɓoye. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya faɗa wa majalisar ƙasarsa cewa Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka.

Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ba a daɗe ba asiri ya tonu. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan shekarar 2000, da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin wajen Nijar, alhali mutumin ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Masu binciken Amurka da kansu sun tabbatar a 2004 cewa babu tarin makaman da aka yi yaƙin dominsu. Rahoton Chilcot na Ingila ya ce a 2016 an shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba. Dubban ɗaruruwan mutane sun mutu, daga cikin ɓaraguzan ƙasar kuma ƙungiyar Da'ish ta taso, wadda wani reshenta ke addabar yankin Tafkin Chadi a yau.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin maganarsu tana da nauyi. Makami mai linzami yana cin ɗaruruwan kilomitoci cikin 'yan mintoci. Ƙaramar ƙasa na iya rasa jiragen yaƙinta duka a safiya guda. Shugaban da ya ga haɗari ƙuru-ƙuru ya naɗe hannu har aka hallaka talakawansa ya ci amanar da aka ba shi. Babu doka ko addinin da ya ce mutum ya miƙa wuya a yanka.

Misalin da suka fi kawowa shi ne na Yuni 1967. A watan Mayu Jamal Abdunnasir na Masar ya sallami dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya daga Sina'i, ya jibge sojoji a can, ya rufe mashigin Tiran. Da safiyar 5 ga Yuni Isra'ila ta ragargaza jiragen Masar tun suna ƙasa. Amma ko wannan misali yana da ɓaraka. A 1982 Firayim Ministan Isra'ila Menachem Begin ya faɗa a bainar jama'a cewa taruwar sojojin Masar ba ta tabbatar da cewa Abdunnasir na dab da kai hari ba, su ne suka zaɓi su far masa. Kuma yaƙin kwana shida ya haifi mamayar Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus da tuddan Golan, wadda ta haura shekara hamsin. Lokacin da Isra'ila ta rusa tashar nukiliyar Iraƙi ta Osirak ranar 7 ga Yuni 1981, Kwamitin Sulhu ya yi tir da ita baki ɗaya a ƙuduri mai lamba 487, har da ƙuri'ar Amurka.

Malaman sira suna da misalin da ya fi wannan tsabta. Labari ya zo Madina cewa Harisu ɗan Abu Dirar, shugaban Banu Musɗaliƙ, yana tara mayaƙa don ya kawo hari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai fita a kan jita-jita ba. Ya aiki Buraida ɗan Husaib ya je ya gani da idonsa, ya yi magana da Harisu, ya dawo ya tabbatar. Sannan aka fita aka same su a ruwan Muraisi'. Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani, Suratul Anfal kuma ta nuna cewa in ana tsoron ha'incin waɗanda aka yi alkawari da su, a sanar da su a fili cewa alkawari ya warware kafin a ɗauki mataki. A ɓangaren Kirista, koyarwar da ta taso daga Augustine da Thomas Aquinas ta gindaya cewa yaƙi sai da halattacciyar hukuma, da dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya, waɗanda suka biyo bayansu kuma suka ƙara da cewa ya zama mataki na ƙarshe. Masallaci da coci sun haɗu a kan cewa zato kaɗai ba ya halatta jini.

Nijeriya da iyakar Taraba

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi tanadin wannan a sashe na 5. Shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zama na haɗin gwiwa, ba zai kuma tura soja fagen fama a waje ba sai Majalisar Dattawa ta yarda. In ya gamsu cewa haɗari ya gabato, yana iya tura su taƙaitaccen aiki bayan shawara da Majalisar Tsaro ta Ƙasa, amma dole ya nemi yardar dattawa cikin kwana bakwai da fara faɗa, su kuma su amsa cikin kwana goma sha huɗu.

An ga amfanin wannan birki a 2023. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Muhammad Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ba su mako guda, tare da barazanar amfani da ƙarfi, ɗaya daga cikin hujjojin kuwa shi ne a tare juyin mulki kafin ya yaɗu. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan matakin soja. Sanatocin arewa sun tunatar cewa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma mutanen Katsina da Maraɗi dangin juna ne. Sarakuna da malamai suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Dangantaka ta yi tsami, an rufe iyaka an yanke lantarki, daga baya Nijar ta fice daga ƙungiyar, amma ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Taraba tana da nata gwajin. Tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya ɓarke a Kamaru, dubban 'yan gudun hijira sun shigo ƙananan hukumomin Sardauna, Kurmi, Ussa da Takum. A Nuwamba 2021 wasu da ake zargin 'yan awaren Ambazoniya ne suka afka wa ƙauyen Manga a Takum, suka kashe mutane har da dagacin garin, maganar ta kai zauren Majalisar Dattawa. Duk wanda ya ji zafin wannan zai iya cewa a ƙetara a murƙushe su tun kafin su dawo. Sai dai wa za a buga? Maharan ba su da bariki, cikin ƙauyuka suke ɓuya, kuma mutanen ƙauyukan 'yan uwan mutanen wannan ɓangare ne, domin tsaunin Mambila da Gashaka ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zama Nijeriya. Ga kuma darasin Tudun Biri a jihar Kaduna, inda ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi bisa zaton 'yan bindiga ne, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. In bayanan sirri sun yi irin wannan kuskure a cikin gida, a ƙetaren iyaka sai abin ya fi haka.

Hanyar da ta yi aiki da Kamaru a baya sananniya ce. Rikicin Bakassi ya kai ƙasashen biyu ga musayar wuta, amma hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002, da yarjejeniyar Greentree ta 2006, da hukumar haɗin gwiwa mai shata iyaka, su ne suka kashe wutar. A Tafkin Chadi ma, izinin da sojoji ke da shi na aiki a yankunan juna ya samu ne ta rundunar haɗin gwiwa, da yardar ƙasashen da abin ya shafa.

Hukunci

Harin riga-kafi yana halatta a ƙunƙuntar hanya guda: haɗarin ya iso ƙofa, an tabbatar da shi da shaidar da wani daban zai iya dubawa, babu sauran hanyar kauce masa, ƙarfin da za a sa bai wuce na tare haɗarin ba, kuma a janye da zarar an tare shi. Gimbana, Kona, Kano da Bagadaza babu wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa. Harin da aka gina a kan tsoron abin da wani zai zama gobe zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Abin da ya rage shi ne aikin jama'a. Mazauna iyaka su riƙa kai sahihin labari ga masu unguwa, dagatai da jami'an tsaro, su guji yaɗa abin da ba su tabbatar ba a waya. Gwamnati ta ƙarfafa bataliyoyin Takum da Serti da kayan aiki da hanyoyin mota, ta kuma ci gaba da zama da Kamaru a teburi guda. Sanatoci uku da ke wakiltar Taraba kuwa, duk ranar da aka kawo musu buƙatar tura 'ya'yan talakawa yaƙi a waje, su nemi a ajiye shaida a gabansu kafin su ɗaga hannu, masu zaɓe kuma su tambaye su yadda suka yi.

Allah Ya zaunar da Taraba da Nijeriya da maƙwabtanta lafiya.